Tambayar da Ta Rufe Mini Shiri Shekara Guda

Tun da na ajiye aiki na dawo gida Karaye, da wuya mako ya wuce ba a yi mini sallama ba. Samari da 'yammata ne, kowa da waya a hannu. Bayan an gaisa sai su ce, "Anti Saude, mu ma so muke mu buɗe shirin hira da taurari." In na tambaye su me suka tanada, sai su lissafa mini kujera biyu, da fitila, da waya mai kyan hoto. Wata yarinya daga Gwangwan ma ce mini ta yi, "Ai Anti aikin naku zama ne da surutu, ni kuwa Allah ya hore mini baki." Na ce mata to ta rage rabin bakin ta sayo kunne, sannan ta dawo mu yi magana. Ku da kuka zo yau, ku gyara zama ku ji yadda abin yake.

Aikina na farko a gidan talabijin a Kano shi ne ba baƙo ruwa. Na shiga da takardar makaranta a hannu ina ganin gobe za a haska ni, sai aka miƙa ni ga Malam Habu, mutumin Kafin Dafga, wanda shi ke gabatar da shirin hirar ranar Lahadi da yamma. Tsohon ma'aikacin rediyo ne, gajere, mai ƙaramar murya. Ya nuna mini wani ɗaki da baƙi ke jira kafin a shiga da su, ya ce, "Nan ne ofishinki. Ki ba su ruwa, ki zauna da su, in za mu shiga ki zo ki gaya mini abin da kika samo."

Baƙon farko wani mawaƙi ne da ake ji da shi a lokacin. Na zauna da shi kusan rabin awa, na je na sami Malam Habu. Ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Malam, bai ce komai ba."

Ya ce, "To me ya yi?"

Na yi tunani na ce, "Ya cire takalmi. Kuma sau uku yana tambayar ko makaɗansa sun ci abinci."

Ya ce, "Shi ke nan, kin ba ni shirin yau."

Da aka shiga, bai tambayi mutumin nan maganar mota ko kyautar da wani attajiri ya yi masa ba. Cewa ya yi, "Alhaji, mai kalangun nan naka, yaushe kuka haɗu?" Mawaƙin ya gyara zama ya kama labari tun daga lokacin da su biyun ke bin kasuwannin ƙauye a ƙafa suna raba ƙosai. Har lokaci ya ƙare bai gama ba. Shekara uku na yi a ɗakin nan ina ba da ruwa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ladabinsa. Akwai ɗan makirufo da bai fi ƙwallon dabino ba, wanda ake maƙala wa baƙo a wuyan riga. Ba a kai wa mutum hannu a wuya sai an nemi izini, kuma in namiji ne, namiji ke maƙala masa. Akwai kujeru. Yaran yanzu suna ajiye su gaba da gaba kamar ana shari'a. Malam Habu karkata su yake yi, kamar yadda mutum biyu ke zama a dakalin ƙofar gida suna kallon hanya, domin Bahaushe ba ya buɗe cikinsa ana zuba masa ido. Kujerar baƙo kada ta yi laushi da yawa, in ya nutse a ciki muryarsa ma nutsewa take yi. Akwai littafi da nake rubuta tambaya goma sha biyu, amma in hira ta yi kyau ba na kaiwa ta huɗu. Sai kuma wani ɗan abu da ake sa wa mai gabatarwa a kunne, wanda ta cikinsa masu kula da shiri ke yi masa magana daga ɗakin na'urori, su ce saura minti kaza, ko a tafi talla.

Abin da ya fi duka wuyar koyo shi ne shiru. In baƙo ya gama amsa, kada ki yi caraf ki jefa wata tambayar. Ki ƙirga biyar a zuci kina kallonsa. Amsar farko ta talabijin ce, ya taho da ita daga gida a shirye. Wadda za ta biyo bayan shirun ita ce tasa.

Ranar da na fara hawa kujera, mura ce ta shaƙe Malam Habu, kuma shirin kai tsaye ake yinsa, ba a ɗagawa. Baƙon wani ɗan dambe ne da ake kira Dogon Gwangwan, wanda a shekarar babu wanda ya kai shi ƙasa. Mutumin da ke shiga fili ana gudu, sai ga shi a gaban kyamara ya rasa inda zai sa kansa. Minti goma ina ta zuba, shi kuwa daga "E" sai "A'a" sai "Haka ne." Gumi ya jiƙa mini mayafi. Can na lura yana ta murza wuyan hannunsa na dama, sai na ajiye littafin na ce, "Dogo, wa ke naɗa maka zare in za ka shiga fili?"

Ya sunkuyar da kai. Na ƙirga biyar. Ya ce, "Da ƙanen babana ne. Ya rasu bara. Yanzu da kaina nake naɗawa, in ja ƙullin da haƙori." Daga nan ya ɓalle da labarin tsohon, mahauci ne, yadda yake hana shi cin tuwo da yawa kafin wasa, yadda yake juya baya in an fara dambe don ba ya iya kallo. Da muka fito, Malam Habu ya rubuta mini a takarda tunda ba shi da murya: "Kin cika surutu da farko. Amma kin gani." Bayan shekara biyu ya yi ritaya ya bar mini kujerar.

Kuna tambayata me ya sa mutane ke son irin wannan shiri. Amsar a nan Karaye na same ta, wata sallah da na zo gida aka maimaita wata hira da na yi da wani jarumin fim da ya saba fitowa a mugu. An fito da talabijin tsakar gida, matan unguwa sun cika tabarmi. Ba wadda ta tanka a kan shaddarsa ko agogonsa, sun saba ganin waɗannan a fim. Sai da ya ce har gobe ba ya iya zama a kujera in mahaifiyarsa na ɗaki, sai wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Ashe ɗan halak ne!" Abin da ake jira ke nan. Mutum ya yini a gona ko a kasuwa, yana so ya ga wanda sunansa ya cika gari ya tuɓe hula, a ga ashe shi ma da hannu yake cin tuwo, shi ma akwai wanda yake jin nauyi. Baƙo kuwa ba zai tuɓe hular nan ba sai ya amince ba za ki ɗauke ta ki gudu ba. Wannan amana ita ce jarin sana'ar. Na tara ta shekara goma sha biyar, har ya zama tauraro bai cika tauraro ba sai ya zauna a kujerar Anti Saude. Sannan na zubar da ita cikin minti ɗaya.

A shekarar da abin ya faru aka kawo mana sabon manaja, yaro mai kuzari. Lokacin wayoyi sun fara yawa, ana yanko gutsuren hira ana turawa. Kullum maganarsa ita ce, "Anti, shirin nan ya yi salam, a zuba masa yaji." Ana haka muka samu Uwani ta yarda za ta zo. Uwani ita ce jarumar da ake yayi a lokacin, 'yar Jajaye ce ta ƙasar Rogo, maƙwabtanmu, kuma ba ta cika yarda da hira ba. Na je ɗakin jira da kaina na ba ta ruwa. Muka taɓa hirar gida, har muka gano mun san mutane ɗaya. Da za mu shiga ta riƙe mini hannu ta ce, "Anti, ki tambaye ni komai, amma ban da maganar Babana."

Na ce, "Na yi miki alkawari."

Hira ta yi daɗi, tana ta dariya tana ba da labarin ranar da ta manta maganarta sau tara a gaban darakta. Sai na ji manaja a kunnena: "Yanzu ne. Tambaye ta maganar uban." Na yi kamar ban ji ba. Ya maimaita. A karo na uku ya ce, "Anti, in kin bar wannan, wasu za su yi." Ba na ɗora masa laifi, shi kunne ya yi wa magana, bakin nawa ne. Na ce, "Uwani, ana cewa mahaifinki ya shekara bakwai bai yi miki magana ba saboda fim. Gaskiya ne?"

Ba ta kalli kyamara ba, ni ta kalla. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ta sa hannu ta cire makirufon a hankali, ta ajiye a kan tebur, ta ce, "Na gode, Anti." Ta tashi ta fita, aka tafi talla.

Kafin gari ya waye gutsuren ya shiga kowace waya. Manaja ya yi mako guda yana murna. Mako na biyu mawaƙin da muka shirya da shi ya aiko cewa tafiya ta kama shi. Na uku ma haka. Jaruman fim, mawaƙa, har 'yan ƙwallo, kowa na kira sai ya gaishe ni da ladabi ya ce zai duba. Wani dattijo a cikinsu ne ya fito mini fili, ya ce, "Hajiya, kowannenmu yana da abin da ya roƙe ki ki bari. Yanzu ba mu san ranar da za ki fasa bari ba." Muka yi ta maimaita tsofaffin shirye-shirye har masu talla suka janye, aka dakatar da shirin. Ni aka mayar da ni karanta sanarwar ɗaurin aure da cigiya. Haka na yi kusan shekara. Na kira Uwani ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka ba ko sau ɗaya.

Da kaka ta yi, na zo gida, na wuce Kafin Dafga gaida Malam Habu. Na same shi a inuwar darbejiya yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, bai ɗauko zancen ba sai da na ɗauko. Ya ce, "Kin ba ta haƙuri?"

Na ce, "Malam, ta ƙi ɗaukar waya."

Ya ce, "Saude, mutum biyu kika yi wa laifi. Ɗayan ba shi da wayar da zai ƙi ɗauka. Yana gonarsa."

Washegari na hau mota zuwa Rogo, daga nan na hau babur zuwa Jajaye. Na yi tambaya aka nuna mini gonar Malam Iro, mahaifin Uwani. Na tarar da dattijo, dogo, siriri, zaune a gindin tarin gyaɗar da aka cire, yana tsinka yana zubawa a kwando. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, sannan ya ce, "Ke ce mai tambayar."

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Ni ban kalla ba. Amma babu wanda bai ba ni labari ba. Na yi wata uku ban shiga kasuwa ba, yara na nuna ni da baki, ga mutumin da ya sa 'yarsa kuka." Ya leƙa bayana ya ce, "Kin zo da na'urar?"

Na ce, "Ni kaɗai na zo, Baba. Haƙuri na zo bayarwa. Ta roƙe ni in bar maganarka, na yi mata alkawari, na karya."

Ya tsaya da tsinkar. Ya ce, "Ita ta ce a bar maganata?"

Na ce, "Ita ce. Ta ce komai ban da kai."

Ya koma kan tsinkarsa. Ni ma na jawo reshen gyaɗa na kama tsinka. Muna nan har rana ta karkata, ya yi magana mai tsawo. Abin da ya gaya mini a gonar nan ya fi duk wata hira da na taɓa yi, kuma ba zan gaya muku ba. Ban gaya wa manaja ba, ban gaya wa Malam Habu ba. Da zan tafi ya ɗebi gyaɗa ya cika ɗan buhu, ya ɗaure bakin da igiya, ya ce, "Ki kai mata. Ta wannan gonar ce. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kai."

Sau biyu ina zuwa gidan Uwani a Kano maigadi na cewa ba ta nan. Na uku na shimfiɗa ɗankwali a bakin ƙofa na zauna da buhuna tun hantsi. Mutane na wucewa suna gane ni, ban damu ba. Wajen azahar ta fito. Ta ce, "Anti, don Allah ki tashi, ba girmanki ba ne. Kuma ba zan dawo shirinku ba."

Na ce, "Babu ma shirin da za ki dawo. Saƙo aka ba ni."

Ta ce, "Daga wa?"

Na ce, "An ce kada in ƙara kalma."

Ta kwance igiyar, ta ɗebo gyaɗar, har da ƙasa a jikin ɓawon. Ta fasa ɗaya ta sa a baki. Sai ta zauna nan a ƙasa kusa da ni. Ta ce, "Kin je Jajaye?" Na ce na je. Ta ce, "Da kyamara?" Na ce a'a. Ta rungumi buhun ta shiga gida.

Wata biyu ban ji daga gare ta ba. Ran nan ina shirin karanta sanarwa wayata ta yi ƙara. Ta ce, "Anti, in za a buɗe shirin, ni ce baƙuwar farko. Amma da sharaɗi. Ki cire abin nan na kunne."

Na kai wa manaja maganar yadda take. Ya yi ta kewaye-kewaye, amma ba shi da wani baƙon, dole ya yarda. Daga ranar har na ajiye aiki ban sake sa komai a kunnena ba. Mai kyamara ne ke ɗaga mini yatsu in lokaci ya kusa, kuma ba a taɓa yanke ni a tsakiyar magana ba.

Ranar Lahadin, na karkata kujerun da hannuna. Muka yi hirar yarintarta, yadda take kwaikwayon muryar malamansu har a kore ta daga aji, yadda take haddace magana tana wanke-wanke, da fim ɗin da ta fi jin kunyar kalla. Ban kusanci maganar gida ba. Da mai kyamara ya ɗaga yatsu biyu, na rufe littafina na yi shiru. Ban shirya komai ba, ita ma ba ta gaya mini komai ba. Sai ta juya daga gare ni ta fuskanci kyamara, ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna a kan kujerar, ta ce, "Baba, barka da yamma. Ya aikin gona?"

Ba wanda ya motsa a ɗakin. Na bar shirun ya yi tsawonsa, sannan na yi wa masu kallo sallama.

A makon nan waya ba ta huta ba. Waɗanda tafiya ta kama duk sun dawo, na cika littafin baƙi har na wata huɗu, na kuma ƙara shekara takwas a kujerar ba a sake rasa baƙo ba. Ranar Larabar da ta biyo bayan hirar nan, wani direba da ke jigila tsakanin Rogo da Kano ya zo har ofis yana nemana. Ya ce shi ɗan Jajaye ne, kuma yana wurin mai shayi ranar Lahadi, inda ake kunna talabijin da janareto. Ya ce Malam Iro, wanda bai taɓa zama a wurin ba, ya zo tun kafin a fara, da wankakkiyar riga, aka matsa masa a bencin gaba. Ya kalli shirin tun daga farko bai ce komai ba.

Na ce, "To da ta gaishe shi fa?"

Direban ya ce, "Hajiya, a gaban kowa ya amsa wa talabijin ɗin. Da ƙarfi ya ce, 'Barka kadai, Uwani. Aiki da godiya.' Sannan ya juyo ya ce mini, in na shiga Kano in gaya mata, wai ko ba ta ji ba."